Yaya, ga labarin allurar Chana da kika tambaya, da yadda baccina ya dawo

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kin tashi lafiya, ya yara ya maigida, ya jikin Inna? Ki gaishe min da kowa da kowa. Wallahi tun satin da ya wuce nake son in zauna in rubuta miki wannan abun dalla-dalla, don a waya ba ma gamawa, ana fara magana sai layi ya yanke ko yara su shigo da hayaniya, kuma kin ce akwai matan da kike so ki tura musu su ma su karanta, shi ya sa na ce bari in yi shi a rubuce, wacce abin ya shafa ta ɗauki abin da zai amfane ta.

Kin ce wai da gaske ne a nan Ingila har a asibiti ake tsira wa masu kansar mama allurar nan ta 'yan Chana, akufanca, don su samu bacci, kuma tana aiki ko dai cin kuɗi ne kawai. To eh ana yi, amma ba ko'ina ba, kuma ni dai ta taimake ni, sai dai ba ita kaɗai ta dawo min da bacci ba, kar in yi miki ƙarya.

Kin san dai tarihin, an yi min aiki a maman hagu, aka cire kaluluwar hammata, na yi kemo zagaye shida, na yi gashi, wato hasken na'ura da ake ƙona ƙwayoyin kansar da shi, sannan aka ɗora ni kan wata 'yar ƙwaya letrozole kullum guda ɗaya, wai shekara 5 aƙalla, wasu har 10 suke kaiwa. Kowa na min barka an gama an huta, ni kuma lokacin ne na gane ashe da sauran rina a kaba. Bacci ya ƙaurace min gaba ɗaya. Lokacin kemo dama akwai wani magani dexamethasone da suke haɗawa don hana amai, wannan in kika sha shi ko runtsawa ba za ki yi ba har asuba, amma shi kwana biyu uku ne ya sake ki. Na letrozole ɗin ne ya zame min ƙarfen ƙafa, don aikinsa shi ne ya rage sinadarin mata isturojin a jiki tunda shi ne abincin irin kansar da ta kama ni, to da sinadarin ya yi ƙasa sai wani zafi ya riƙa taso min daga ƙirji zuwa fuska cikin dare, in farka sharkaf da zufa, a watan Janairu fa, a sanyin Ingila, in canza riga in canza zanin gado, kafin in koma gwiwa da yatsu sun ɗauki ciwo, kafin su lafa kuma tunani ya zo ya zauna min a ka, ko abin zai dawo, ko yaran nan wa zai riƙe su. Ƙarfe biyu, ƙarfe uku, ina kwance ina kallon silin. Masu shan tamoxifen, wata ƙwayar kansar mamar daban, su ma haka suke fama da zufar nan. Kuma maganin da ake ba sauran mata masu zafin daina al'ada, wato a mayar musu da sinadarin, mu galibi ba a ba mu, don kamar zuba wa wuta fetur ne.

Na fara zuwa wajen likitan unguwa, wanda suke ce wa GP. Ya ba ni ƙwayar bacci zopiclone ta 'yan kwanaki, yace ba zai ƙara ba don ƙa'idarta sati biyu zuwa huɗu ne, jiki na sabawa da ita. Ban biya ko sisi ba, don a Ingila mai cutar kansa yana da kati na shekara 5 da ke ɗauke masa kuɗin magani, waɗanda ba a ɗauke wa ba kuwa fam 9.90 suke biya a kan kowane magani ɗaya. Ƙwayar tana kayar da mutum kam, amma da safe bakina ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe, kaina nauyi, ranar da ta ƙare kuma na koma gidan jiya.

Nas ɗin da ke kula da mu masu ciwon mama ce ta fara min maganar allurar. Ni da farko dariya na yi, na ce baiwar Allah jikin nan bai gaji da allura ba ne. Tace in gwada, akwai wata ƙungiyar agaji da ke ɗaukar nauyin zama shida kyauta a cikin asibitin, ta sa sunana a layi, na jira kusan wata biyu kafin aka kira ni. Na roƙi a haɗa ni da mace kuma aka haɗa ni, wata likitar gashin ƙashi ce da ta ƙaro karatun allurar. Kafin ta taɓa ni sai da ta duba sakamakon jinina na ƙarshe, ta tambayi wane hannu aka cire wa kaluluwa, ko ina shan maganin tsinka jini, ko akwai batirin zuciya a jikina, sannan ta ba ni wani fom mai tambaya bakwai da suke auna tsananin rashin bacci da shi, maki daga 0 zuwa 28, daga 15 zuwa sama sun ɗauke shi ciwo sosai. Ni 21 na ci.

Allurar ba irin wacce kika sani ba ce Yaya, ba rami a cikinta, ba ruwan magani, siririya ce ƙwarai, kaurinta bai wuce kwatan milimita ba, kowacce a cikin ledarta, a gabanki za a ɓare a gabanki za a jefa a kwandon shara na allurai. Ta sa min ɗaya a tsakanin gira, ɗaya a tsakiyar ka, ɗaya a wuyan hannun dama ta gefen ƙaramin yatsa, biyu a ƙafa kamar faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, sai wasu a kunne. Hannun hagu ko kallonsa ba ta yi ba. Shigarta kamar cizon sauro ne, wani wurin ma ban ji ba, sai dai in ta ɗan murza sai ki ji wani nauyi-nauyi ko tsami yana bin wurin, tace ai shi ake nema. Ta rage fitila ta bar ni minti 25. Zama na farko ban ji komai ba sai kunya da tunanin kuɗin bas ɗin da na kashe. Na uku kuwa wallahi sai tashina ta yi, har da miyau a filo.

Na tambaye ta wai me ke faruwa ne a jikin. Tace bayani biyu ne. Su masu maganin gargajiyar Chana suna cewa akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi manya guda 12, in ya toshe sai cuta ta zo, allura ke buɗe shi, kuma akwai gurabe 361 da aka tsayar da sunayensu. Ita kuma abin da aka koya mata a makarantar asibiti shi ne allurar tana taɓa jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata da nama, su kai saƙo ƙwaƙwalwa, jiki ya saki nasa sinadaran rage ciwo da kwantar da hankali. Tace ita ba ta taɓa ganin wannan hanyoyin a cikin jikin mutum ba, kuma ba za ta ce min allura na taɓa kansa ko kaɗan ba. Wannan maganar ce ta sa na yarda da ita.

Bayan zama shida abin da ya canza shi ne zufar ta ragu, daga tashi huɗu biyar a dare na koma biyu, yatsuna suka ɗan saki, makina ya sauko 14. Amma tashin ƙarfe ukun nan da tunani yana nan daram.

Kin san ni da bin diddigi, sai na sa babbar 'yata ta tayani nemo abin da masu bincike suka gano, don ban so in zama wacce aka yi wa rufa-ido. Wanda ya fi min amfani shi ne wani da aka buga a 2019, wani likita Jun Mao na asibitin masu cutar kansa na Memorial Sloan Kettering a New York da abokan aikinsa, suka ɗauki mutum 160 da suka gama jinyar kansa iri-iri kuma ba sa bacci, rabi aka yi musu allura sati 8, rabi aka ba su wani horon bacci da ake kira CBT-I. A ma'aunin nan na 28, masu allura sun sauko da maki 8 da ɗoriya, masu horon sun sauko da kusan 11, kuma duka biyun amfanin ya zauna har sati na 20. Kin ga ke nan duka sun yi aiki amma horon ya fi, sai dai ga masu ciwon jiki allurar ta fi rage musu ciwon a ƙarshen jinyar. Akwai wani kuma na 2018 a Amurka, mata 226 masu shan irin ƙwayata da ciwon gaɓɓai, nan allurar gaske ta fi ta bogi rage ciwo. Allurar bogi kuwa abin dariya ce, wata irinta da wani likita a Jamus ya ƙirƙiro, ba ta da tsini, tana taɓa fata sai ta koma cikin marikinta, ke kina ganin kamar ta shiga alhali ba ta shiga ba. Kuma nan ne gizo ke saƙar, don a Hong Kong an gwada mata 138 masu kansar mama da kemo ya hana bacci, a babban ma'aunin da suka sa a gaba ta gaske ba ta fi ta bogi ba, ko da yake a wasu abubuwan kamar saurin yin bacci da daina shan ƙwayar bacci masu ta gasken sun fi. Ni abin da na fahimta, wani kaso na amfanin daga allurar ne, wani kaso kuma daga kwanciyar nan ce a ɗaki shiru, wani yana kula da ke ba ya sauri, ba wanda ke kiran Mama. Kuma ni ko wanne ne ina so.

Horon baccin na same shi ne bayan na fara zuwa wata cibiya da ake kira Maggie's, suna da su a harabar manyan asibitocin kansa da yawa a nan, an sa mata sunan wata mata Maggie Keswick Jencks da kansar mama ta yi ajalinta a 1995, ta farko aka buɗe a Edinbara a 1996. Ba takarda ba kuɗi, ki tura ƙofa ki shiga ki zauna. Can na ji bayaninsa, daga baya na yi shi a waya ta wata manhaja Sleepio, wadda hukumar NICE mai tantance abin da ya cancanci asibitin gwamnati ya biya ta amince da ita a 2022. Yaya horon nan ya fi allurar zafi wallahi. Za ki rubuta baccinki kullum na sati biyu, in aka ga awa 9 kike a gado amma awa 5 kike bacci, sai a ce to daga yau awa biyar da rabi kawai za ki hau gadon, lokacin tashi guda ɗaya kullum ko Asabar ko Lahadi, ba baccin rana, in kin kwanta kamar minti 20 bai zo ba ki sauka ki koma falo sai kin ji yana fizgarki. Sai kin kai kina bacci kashi 85 cikin ɗari na lokacin da kike kan gado sannan a ƙara miki minti 15. Satin farko kamar in yi kuka, ina tafiya kamar mai maye, ga shi lokacin bazara ne, a nan ƙarfe huɗu da wani abu gari ya waye, asuba kuwa tun wajen uku, sai da na zauna na tsara lokutan da sallah na sayi labule mai kauri baƙi. A sati na biyar na fara kwana ba tare da na san ƙarfe uku ta wuce ba. Makina yanzu 8.

To bari in zo kan maganar wa ke biya, don nan ne ƙasashen suka sha bamban, kuma na tambayi mutanenmu da ke wurare uku.

A nan Ingila, NICE ta yarda da allurar ne a kan ciwon jiki mai daɗewa da wasu nau'in ciwon kai, rashin bacci ba ya cikin lissafin, shi ya sa yawancin wadda masu kansa ke samu kyauta kuɗin ƙungiyoyin agaji ne, ko a cikin asibiti ko a gidajen kula da masu doguwar jinya, kuma sa'a ce, wani garin akwai wani babu. In zama shidanki ya ƙare sai aljihunki. Ni fam 55 nake biya yanzu duk zama, a Landan an ce min ya fi haka nesa. Kuma kar ki ji an ce kyauta ki ɗauka kyauta ce, yawancinmu masu biza duk shekara fam 1,035 muke biya na lafiya kan kowane babba tun kafin mu ga likita. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasar da komai sai lasisi, amma mai allurar nan ba wata dokar ƙasa da ta ce sai ya yi karatu kaza, rajistarsa da ta shagonsa ce kawai a ƙaramar hukuma don tsafta, sai ƙungiyoyinsu na sa kai kamar British Acupuncture Council, ko ta likitoci da ta masu gashin ƙashi, ke ce za ki duba ko sunan mutum na ciki.

Ni ma sai da na ƙona hannu kafin na koyi haka. Bayan zaman kyautar ya ƙare na shiga wani shago a kan babban titi, gilashinsa cike da hotunan jikin mutum da kwalaben saiwoyi, mutumin ya duba harshena ya riƙe wuyan hannuna, bai tambayi wane magani nake sha ba, sai ga shi ya naɗe min hannun rigar hagu zai tsira. Na ce tsaya malam, nan an cire kaluluwa. Yace ba komai. Sannan wai in biya zama goma gaba ɗaya a haɗa min da ƙullin ganye na wata guda wanda zai wanke min dafin kemo, har yana nuna kamar ƙwayar asibitin ce ke cuta ta. Na ɗauki jakata na fito, fam 20 na dubawa ya tafi a banza. Hannun da aka cire wa kaluluwa ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, ƙaramin rauni kan iya jawo ƙwayar cuta ko kumburin da ba ya saɓewa da sauƙi, shi ya sa masu hankalinsu suke kauce masa. Ganyen kuma ba a san me ke ciki ba, akwai wani ma na Turawa da ake sayarwa a kanti don damuwa, St John's wort, an san yana rage ƙarfin tamoxifen. Kuma duk wacce ke karanta wannan, don Allah don Annabi kar zufa ko ciwon gaɓa ya sa ki ajiye ƙwayarki a ɓoye, ki koma ki gaya wa likita, akwai canji, letrozole na da 'yan uwa anastrozole da exemestane, kuma akwai magungunan rage zufar da ba na sinadarin mata ba.

Ƙawata da ke Jamus, wacce muka yi kemo kusan lokaci ɗaya muna ƙarfafa wa juna gwiwa a waya, tace su inshorar gwamnati na biyan allura tun 2007 amma ciwo biyu kacal, ciwon baya da ciwon gwiwa da suka wuce wata shida, kuma sai likitan asibiti mai takardar ƙwarewa a kai, galibi zama goma. Yadda aka yi suka yarda ma labari ne, sun yi wani babban gwaji da mutum sama da 1,000 masu ciwon baya, allurar gaske ta taimaki kashi 47, ta bogi kashi 44, jinyar da aka saba kashi 27, sai suka ce to ko ma mene ne ta fi abin da muke bayarwa, a biya. Na bacci kuwa da kuɗinta take yi. Amma ta fi mu da abu ɗaya, akwai asibitoci kamar wani a garin Essen da suka haɗa irin wannan jinyar a cikin sashen kansar mama kanta, likitan kansa da mai allura fayil ɗaya suke dubawa. A can ma aka gwada allurar kunne da mata 52, rabinsu aka yi musu zama goma cikin sati biyar, baccinsu ya gyaru a ƙarshen satin biyar ɗin amma bayan 'yan watanni bambancinsu da sauran rabin ya ɓace. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a jikina, in na yi wata biyu ban je ba zufar na fara dawowa, horon baccin kuwa ya zauna min.

Amurka kuma 'yar Kawu tace komai ya danganta da irin inshorarki, wata ta biya wata ko kallo. Medicare na tsofaffi tun 2020 yake biya amma ciwon baya kawai, zama 12 cikin kwana 90, in an ga sauƙi a ƙara 8. Ita wajen dala 100 take ba da wa duk zama, sai daga baya ta gano wasu wurare da ake jera mutane a kujerun kishingiɗa a ɗaki ɗaya kowa ya biya daidai ƙarfinsa. Sai dai su sun fi mu tsari wajen lasisi, yawancin jihohi sai ka yi shekaru a makaranta ka ci jarrabawa kafin ka riƙe allura, kuma manyan asibitocin kansa suna da sashensu na wannan. Wai abin ya shahara a can ne tun 1971, da wani ɗan jaridar New York Times James Reston aka yi masa aikin afendis a Beijing aka rage masa ciwon bayan aiki da allura, ya dawo ya rubuta. Wani bambancin da ya ba ni dariya, melatonin ɗin da ita take ɗauka a kan kanta a kanti kamar alewa, mu a nan sai da takardar likita.

Shi kuwa autanmu da ke karatu a Chana dariya ya yi min da na ce masa sati-sati nake zuwa, yace can kusan kullum ko bayan kwana ɗaya ake yi, manyan asibitoci suna da sashen allura, ga kuma asibitoci sukutum na maganin gargajiyarsu, masu yi digirin shekara 5 suke yi, inshora na ɗaukar wani kaso, kuɗin kuma ba ya kama ƙafar namu. Amma yace kar in yi tsammanin ɗaki shiru da fitila a rage, gadaje ne a jere, likita na bi ɗaya bayan ɗaya, kuma hannunsu ya fi nauyi, sai kin ji a jikinki.

Kayan da ake sayarwa kuwa ba iyaka, kuma na yi asara a wasu. Tabarmar nan mai ƙayoyin roba da ake kwanciya a kai na saya fam 25, tana ƙarƙashin gado yanzu. Filo mai sanyi ya yi min amfani na awa ɗaya kafin ya ɗumama. Wanda ban yi da-na-sani ba shi ne 'yan ƙwayoyin iri da ake mannawa a kunne da filasta, ki riƙa dannawa kafin ki kwanta, araha ne kuma ba huda fata. Dannawa da yatsa ma ba wasa ba ce, a Michigan an koya wa mata masu kansar mama su riƙa danna wasu gurabe da kansu kullum na sati shida, aka buga a 2016, gajiyarsu ta ragu, masu irin dannawar kwantar da jiki baccinsu ma ya gyaru. Wannan ko a ina mace take za ta iya, ba ta buƙatar kowa in an nuna mata sau ɗaya.

Maganar da kika yi kuma wai in sayo kwalin allurar in aiko tunda a intanet guda 100 bai kai kuɗin zama ɗaya ba, Yaya ki yi haƙuri ba zan aiko ba. Ba allurar ce tsadar ba, hannun ne. Wanda bai sani ba in ya zurfafa a ƙirji ko saman kafaɗa zai iya huda huhu, ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa. Mai kan kemo kuma akwai ranakun da sojojin jininta ke ƙasa, ko ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun yi kaɗan, ranar ko a nan mayar da ke gida za su yi ba za a tsira miki ba. Ba a sa ta kan ƙari, ba a sa ta kan fatar da gashi ya ƙona, ba a maimaita allura ɗaya ga mutum biyu. Ita baiwar Allahn da kika ce tana fama, ki fara ce mata ta gaya wa likitanta ba ta bacci, da yawa ba ma faɗa, muna ganin kamar rashin godiya ne mutum ya tsira da rai ya zo yana ƙorafin bacci, ni ma wata huɗu na yi ina ɓoyewa. A duba ko zufa ce ke tashinta ko ciwo ko tunani ko wani maganin da za a iya mayar da shan sa safe. Littafin rubuta bacci da tsayar da lokacin tashi kuwa biro da takarda kawai suke ci, zan ɗauki hoton nawa in turo miki ta gani, sai dai in tana tsakiyar kemo kar ta matse wa kanta lokacin kwanciya sai ta tambaya.

Yanzu sau ɗaya a wata nake zuwa wajen allurar, ranar Alhamis ma ina da zama, wajen wata da matar asibitin ta tura ni, sunanta na cikin rajista kuma tana rubuta wa nas ɗina duk abin da ta yi. Jiya na kwanta sha ɗaya da rabi, zufa ta tashe ni sau ɗaya wajen biyu, na canza riga na koma, sai ƙarar agogo. Sauran shekara uku da wata biyu a ƙwayar in Allah ya kai mu. Ki ce wa Inna na ji saƙonta, zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko, ta ajiye wayar kusa da ita.